Matoshi Gwargwadon Jira: Yadda Ake Zaɓar Ɓawon Toshe Kwalbar Giyar Inabi

A ƙasashen da ke noman inabi domin matsar giya, irin su Faransa, Italiya, Sifaniya da Fotugal, manomi yakan yi shekara guda yana hidimar gona, mai matsa kuma ya ƙara shekara ɗaya ko biyu yana lura da abin da ke cikin ganga. Amma daga ranar da aka ɗura giyar a kwalba, makomar wannan wahala duka takan koma hannun wani guntun ɓawon itace da tsawonsa bai kai na ɗan yatsa ba, wato matoshin da ake cusawa a wuyan kwalbar. Mafi yawan masu karanta Hausa ba sa shan giya, addini ya hana, kuma wannan sana'a ta wasu ƙasashe ce. Duk da haka akwai abin ɗauka a cikinta ga duk mai ɗura abu mai daraja a kwalba don ajiya, ko man zaitun ne ko khal ko turare, domin a kan giyar inabi ne aka fi zurfafa bincike game da abin da matoshi ke yi wa abin da ya toshe. Abin da binciken ya nuna, a fahimtata, shi ne tambayar farko wajen zaɓen matoshi ita ce shekara nawa kwalbar za ta yi a ajiye kafin a buɗe ta, ta biyu kuma nawa ne faɗin wuyanta daga ciki. Kyan gani da tsada da sunan kamfani duk a baya suke. Wanda ya sa su a gaba, ko dai ya yi asarar kuɗi ko ya yi asarar abin da ke cikin kwalba.

Sai an san inda ɓawon yake fitowa kafin a gane abin da ya sa matosai suka bambanta haka. Itacen da ke ba da shi wani nau'in oak ne da masana tsirrai ke kira Quercus suber, kuma a yammacin Bahar Rum yake tsiro: Fotugal, Sifaniya, kudancin Faransa, tsibirin Sardiniya na Italiya, da arewacin Afirka, wato Aljeriya da Tunisiya da dajin Mamora da ke kusa da Rabat a Maroko. Fotugal kaɗai ke samar da kusan rabin ɓawon duniya, mafi yawansa daga yankin Alentejo, masana'antun sarrafa shi kuma sun taru a arewacin ƙasar, a kewayen Santa Maria da Feira. Ba sare itacen ake yi ba. Tsakanin watan Mayu da Agusta, lokacin da ɓawo ke saki cikin sauƙi, ƙwararrun masu ɓara suna tsaga shi da gatari su ɗaye shi falle-falle ba tare da sun ji wa fatar ciki rauni ba, sannan su rubuta lambar ƙarshe ta shekarar da farin fenti a jikin itacen domin a san lokacin dawowa. Ba a yin ɓarar farko sai itace ya kai kimanin shekara 25, kaurinsa ya kai santimita 70 a zagaye, kuma dokar Fotugal ta hana a sake taɓa shi sai bayan shekara 9. Ɓawon farko mai kaushi ne da tsagogi, na biyu da dama-dama, amma duka biyun niƙa su ake yi. Sai a ɓara ta uku, itace yana da shekara 43 ko fiye, ake samun wanda 'yan Fotugal ke kira amadia, wanda za a iya fitar da matoshi guda cur daga jikinsa. Ko a cikin wannan ma ba duka ne ke da kauri da tsabtar da ake nema ba. Nan ne asalin tsadar matoshi mai kyau, kuma shi ya sa cusa shi a kwalbar da za a buɗe bayan wata uku almubazzaranci ne.

Bayan an ɗaye ɓawon ana jibge shi a fili kamar wata shida, ya sha rana da iska da ruwan sama. Daga nan a dafa shi a tafasasshen ruwa kimanin sa'a guda don ya miƙe, ya yi laushi, ya ƙara kauri, a bar shi ya huta mako biyu zuwa uku, a yanka shi dogaye-dogaye, sannan a huda matosai da bututun ƙarfe mai kaifi. Abin da ya sa ya dace da toshe kwalba yana cikin ƙirar jikinsa. Masanin kimiyya Robert Hooke ya leƙa shi da madubin ƙara girman abu a Ingila, ya wallafa abin da ya gani a 1665: ƙananan ɗakuna a jere kamar saƙar zuma. A dunƙulen da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa santimita ɗaya-ɗaya ne akwai irin waɗannan ɗakuna kimanin miliyan 40, kowanne cike da iska, bangonsa kuma ɗauke da wani sinadari da ake kira suberin, wanda ruwa ba ya ratsa shi. Idan aka matse ɓawon, iskar cikin ɗakunan ce ke takurewa, don haka ba ya bultsowa ta wani gefe. Idan aka sake shi sai ya buɗe ya kama bangon kwalba ta ko'ina. Sai dai ɓawon yana da hanyoyin numfashi, wasu ramuka masu duhu da suka ratsa daga waje zuwa jikin itace. Masu huda suna bin tsayin itacen ne, domin ramukan su gitta matoshin a kwance, kada su zama magudana daga bakin kwalba zuwa cikinta. Yawan waɗannan ramuka da girmansu su ne ma'aunin da ake kasa matosai daraja-daraja.

Hana yoyo shi ne aikin matoshi da kowa ya sani, kuma kusan kowane sabon matoshi yana iya shi a ranar farko. Aikin da ke raba mai kyau da marar kyau shi ne iko da yawan iskar oksijin da ke isa ga giyar shekara bayan shekara. Idan ta yi yawa, farar giya takan rine ta koma ruwan ƙasa, ƙamshin 'ya'yan itace ya gudu, jar giya kuma ta tsufa kafin lokacinta. Idan ta yi kaɗan ƙwarai, wasu giyoyi sukan tara sinadaran farar wuta, a buɗe kwalba a ji warin ƙonanniyar roba ko na ruɓaɓɓen ƙwai. An daɗe ana cewa matoshin ɓawo yana barin giya ta shaƙi iskar waje a hankali. Gwaje-gwajen da Paulo Lopes da abokan aikinsa suka yi a jami'ar Bordo da ke Faransa a tsakiyar shekarun 2000 sun gyara wannan magana: mafi yawan oksijin da ke shiga kwalbar da aka toshe da ɓawo mai kyau daga cikin ɗakunan ɓawon kansa take fitowa, sakamakon matsar da aka yi masa, kuma a watannin farko take yawa, daga baya ta ragu sosai. Abin da wannan ke nufi ga mai zaɓe a fili yake. Bayan shekarar farko, lafiyar giyar ta dogara ne a kan ko matoshin zai ci gaba da dannar gilashi da ƙarfinsa na farko, kuma kowane irin matoshi yana da adadin shekarun da zai iya wannan danna kafin ya gaji. Don haka nake cewa daga shekaru ake fara lissafi.

Mafi yawan giyar da ake matsawa a duniya ba ta ajiya ba ce, ana shanye ta cikin shekara ɗaya ko biyu. Ga irin wannan, matoshin ɓarɓashi ya wadatar. Ana yin sa ne daga ragowar ɓawon da aka huda, a niƙa, a haɗa da gam wanda ba ya cutar da abinci, a matse a zubi. Yana da araha, kuma duk ɗaya yake fitowa, amma gam ba ya da juriyar ɓawo, bayan shekara biyu yakan fara saki ko ya fara marmashewa a bakin mabuɗi. A samansa a daraja akwai matoshin ɓawo guda mai ƙaramar daraja wanda aka cike ramukansa da garin ɓawo da gam don ya yi santsi. Wannan yakan yaudari ido, domin kamanninsa na mai tsada ne, alhali ƙarfinsa na 'yan shekaru ne kawai. Akwai kuma wanda jikinsa ɓarɓashi ne amma an manna masa faifan ɓawo na gaske a kowane kai, domin giyar ta taɓa ɓawo tsantsa ba gam ba. Kamfanin Amorim na Fotugal, wanda aka kafa a 1870, yana sayar da nasa da sunan Twin Top. Ya dace da giyar da za ta jira shekara biyu zuwa uku. Wanda ya sa ɗaya daga cikin waɗannan a giyar da aka yi don sha nan kusa bai yi rowa ba, daidai ya yi.

Akwai wani iri da ya fito a farkon shekarun 2000 wanda ya sauya lissafin kasuwa. Kamfanin Diam na Faransa yana niƙa ɓawo ya yi laushi ƙwarai, ya wanke garin da iskar kabon dayoksaid da aka matse aka ɗumama har ta shiga wani hali tsakanin ruwa da iska, irin dabarar da ake cire sinadarin kafeyin daga kofi da ita, sannan ya haɗa garin ya zuba a zubi. Wankin yana fitar da sinadaran da ke ɓata ƙamshi, zubin kuma yana sa kowane matoshi ya bar oksijin daidai da ɗan'uwansa. Abin lura shi ne yadda kamfanin ke sanya wa kayansa lamba: 2, 3, 5, 10, 30, kowace lamba tana nuna shekarun da ya ɗauki alkawarin matoshin zai riƙe. Ga shi masu sana'ar da kansu da shekaru suke auna kayansu. Bayan da farar giyar yankin Burgundi na Faransa ta tsakiyar shekarun 1990 da bayanta ta riƙa lalacewa tun tana ƙarama, wasu manyan gidajen giya irin su Louis Jadot sun koma ga wannan matoshi don farar giyarsu. Masu suka suna da hujja biyu, kuma ba na wofi ba ne. Ta farko, abin da ke haɗa garin a yawancin irin waɗannan matosai dangin roba ne, don haka kiran su ɓawo tsantsa ba daidai ba ne. Ta biyu, samfurin bai cika shekara 30 a duniya ba, saboda haka alkawarin shekara 30 daga ɗakin gwaji ya fito, ba daga kwalaben da suka yi wannan zama ba. Ra'ayina shi ne ga giyar da za ta jira shekara biyar zuwa goma, musamman fara, wannan ne zaɓi mafi kwanciyar hankali. Abin da ya wuce haka kuwa, mai zaɓe yana auna alkawari ne da tarihi.

Tarihin yana wajen matoshin ɓawo guda cur. Shi ne aka sani tun bayan da aka fara ƙera kwalabe masu ƙarfi a Ingila a ƙarni na 17, kuma shi ne ya toshe tsofaffin kwalaben Bordo da na giyar Porto da ake buɗewa bayan shekaru masu yawa a same su lafiya. Ana kasa shi bisa tsabtar fuska: flor ne kan gaba, sai extra, sai superior, sannan daraja ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ana gangarawa. Tsayinsa kuma yakan zo milimita 38, 45, 49 ko 54. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, suna ganin duk wanda ya fi tsawo ya fi kyau. Gaskiya ne dogon matoshi yana da faɗin wurin kama gilashi, kuma giya takan daɗe kafin ta jiƙa shi har sama. Amma wuyan kwalba ba miƙaƙƙen bututu ba ne, yakan buɗe yayin da ya nufi kafaɗa. Idan aka cusa mai milimita 54 a kwalbar da wuyanta ya fara buɗewa tun kafin nan, gindin matoshin a sake zai zauna, giya ta kewaye shi, kuɗin ƙarin tsawon ya tafi a banza. Mai milimita 45 na daraja ta sama a kwalbar da ta dace da shi ya fi mai 54 mai ramuka. Ga jar giyar da ake so ta kai shekara goma, 45 na extra ko superior ya isa. Wadda ake nufin ta haura haka ita ce ta cancanci 49 ko 54 na flor, kuma sai a kwalbar da aka ƙera mata dogon wuya.

Maganar kauri ta fi ta tsawo muhimmanci, ko da yake ba a cika yin ta ba. Bakin kwalbar giya ta yau da kullum a Turai yana da faɗin milimita 18.5 daga ciki, matoshin ɓawo guda kuma milimita 24 ne. Wannan tazara ta kusan milimita shida ita ce ke haifar da dannar da ke hana iska wucewa. Injin toshewa yana da haƙora huɗu da ke matse matoshin ta kowane gefe har ya koma kimanin milimita 16, sanda ta tura shi ciki nan take. Idan matsar ta wuce ƙima, aka kai shi ƙasa da milimita 15.5, ɗakunan cikinsa sukan fashe, ba zai sake buɗewa yadda ya kamata ba. Idan haƙoran sun tsufa suna barin tsaga, sukan tsinke gefensa su bar layi daga sama zuwa ƙasa, kuma ta wannan layi giya ke tsiyaya. Masu ɗura giya a gida a Amurka suna sayen matosai da lamba: lamba 8 kimanin milimita 22 ce, lamba 9 kusan 24. Ƙaramin injin hannu yakan sha wuya da lamba 9, sai mutum ya koma lamba 8 don sauƙi, ya manta cewa ya rage ƙarfin dannar. Ga kwalbar shekara ɗaya ko biyu babu laifi. Ga ta ajiya kuwa, gara a nemi injin da ake girkawa a ƙasa mai dogon hannu a tsaya a kan lamba 9. Wanda kuma yake amfani da tsofaffin kwalabe na kamfanoni daban-daban, ya auna bakin kowane iri kafin ya sayi matoshi ko ɗaya.

To, wani zai ce tunda ɓawo guda ne mai tarihi, me zai hana a sa shi a kowace kwalba a huta? Tsada ɗaya ce daga cikin amsoshin, amma babbar amsar ita ce ɓawo guda yana da aibi biyu da ba a gani da ido. Na farko wani sinadari ne da ake taƙaita sunansa da TCA, wanda ke samuwa idan fumfuna ta haɗu da sinadaran da ke ɗauke da kulorin, ko a daji ko a masana'anta. Hans Tanner da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Wädenswil a Suwizalan ne suka gano shi a farkon shekarun 1980. Ƙarfinsa abin mamaki ne: 'yan nanogiram kaɗan a lita guda sun isa su sa giya warin jiƙaƙƙen kwali, abin da bai kai haka ba ma yakan dusashe ƙamshinta har mai sha ya zargi mai matsa. A shekarun 1990 matsalar ta yi ƙamari har ta kusa karya martabar sana'ar. Masana'antun sun daina wanke matosai da kulorin suka koma ga haidirojin feroksaid, suka daina jibge ɓawo a kan ƙasa, suka shigo da turara da gwaji, kuma a 2016 Amorim ya fito da tsarin NDtech mai gwada kowane matoshi ɗaya bayan ɗaya. Aibi na biyu shi ne rashin daidaito. Ɓawo daga itace yake, kuma matosai biyu masu daraja ɗaya daga buhu ɗaya suna iya barin iska mabambanciya, har kwalabe goma sha biyu na akwati guda su tsufa kowace da tata tafiyar. Kasa su da ido yana rage wannan, ba ya kawar da shi. Don haka duk wanda ya zaɓi ɓawo guda don doguwar ajiya, ya biya kuɗin wanda aka gwada ɗaya-ɗaya. Wanda ba zai iya ba, matoshin gari da aka wanke ya fi masa ɓawo guda mai araha.

Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa zamanin ɓawo ya wuce, murfin alminiyom mai murɗawa ya raba gardama. Hujjarsu mai ƙarfi ce. A 1999 cibiyar binciken giya ta Ostireliya ta ɗura farar giya iri ɗaya a kwalabe ta rufe su da marufai iri 14, ta yi ta bibiyarsu shekara da shekaru, kuma murfin murɗawa ne ya fi riƙe launi da ƙamshi, matosan roba na wancan lokaci kuma suka fi saurin barin giyar ta rine. A 2000 masu matsar farar giyar Riesling na kwarin Clare a Ostireliya suka haɗa kai suka koma murfin murɗawa, a 2001 na Niyu Zilan suka bi sahu, yau kuwa shi ne ya mamaye kasuwar ƙasashen biyu. Amma gwajin 1999 ɗin dai shi ne ya nuna cewa a ƙarƙashin murfin da ya fi matsewa warin roba na ƙarancin iska yakan bayyana. Wato murfin murɗawa bai soke tambayar oksijin ba, ya dai mayar da ita hannun mai matsa, wanda dole ya shirya giyarsa daban tun kafin ɗuri. Ban da haka yana buƙatar kwalba mai zare a baki da injin da ya fi ƙarfin ƙaramin mai sana'a, kuma ɗan bugu a gefensa yana iya buɗe hanyar iska. Matosan roba su ma sun gyaru tun bayan wancan gwaji. Kamfanin Nomacorc, wanda ya fara aiki a Amurka a 1999, yana sayar da su bisa yawan iskar da kowanne ke bari, har da waɗanda robarsu daga rake aka samo ta. Ba su ɗauke da TCA, kuma ba sa bushewa. Ga giyar 'yan shekaru zaɓi ne mai kyau. Abin da duk wannan ya tabbatar shi ne babu marufi ɗaya da ya dace da kowace kwalba.

Giya mai kumfa irin shamfen daban take, kuma kuskure a kanta yana iya jawo rauni. Matsin da ke cikin kwalbarta ya ninka na iskar waje sau biyar zuwa shida. Matoshinta miƙaƙƙe ne tun asali, kaurinsa kimanin milimita 31, jikinsa ɓarɓashi, gindinsa kuma faifan ɓawo biyu. Rabinsa kawai ake cusawa, sai a ɗaure shi da ragar waya irin wadda Adolphe Jacquesson ya yi wa rajista a 1844. Matsin wuyan kwalba ne ke ba shi siffar da aka san shi da ita. Kada a taɓa ɗura abu mai kumfa, ko wanda bai gama tsima ba, a kwalba marar kauri da matoshi na yau da kullum. Shi kuwa gajeren matoshi mai hular katako ko roba, wanda ake zarewa da hannu a mayar, na kwalbar da ake buɗewa a kai a kai ne kuma take tsaye, irin ta man zaitun ko khal. Ba a kwantar da ita, ba a kuma dogara da shi don shekaru.

Zaɓe mai kyau yana iya lalacewa tun kafin matoshi ya shiga kwalba. Sababbin matosai suna zuwa a rufaffen buhu mai ɗauke da iskar farar wuta da ke kashe ƙwayoyin cuta, da danshi tsakanin kashi 4 zuwa 8 cikin ɗari. Wanda ya bushe ƙasa da haka yakan ƙage ya karye, wanda ya jiƙe sama da haka yakan yi fumfuna. A saya daidai buƙata, a yi amfani da su cikin wata shida, a ajiye buhun nesa da ƙasa da fenti da maganin ƙwari da duk wani abin wanki mai kulorin. Tsohuwar al'adar dafa matosai ko jiƙa su dare guda kafin ɗuri ba ta da wuri a yau, domin masana'anta tana shafa musu siririn kakin farafin da silikon don su shiga da sauƙi su fita da sauƙi, zafi da ruwa kuwa suna wanke wannan shafi. Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata kowa ya yi kafin ya amince da buhu: a ɗebi 'yan matosai daga wurare daban-daban na buhun, a jiƙa su a rufaffun kwalabe cikin farar giya marar ƙamshi ko ruwa mai tsabta kwana guda, sannan a sansana. Idan an ji warin rumar ɗaki ko na jiƙaƙƙen kwali, a mayar da buhun.

Ranar ɗuri, a duba gindin kwalba. Yawancin kwalaben santilita 75 suna ɗauke da wata lamba a wurin, kamar milimita 63, wadda ke nuna tazarar da za a bari daga baki zuwa saman giya idan zafinta digiri 20 ne. Tsakanin giya da gindin matoshi ya kamata a sami sarari kamar milimita 15, domin giya tana kumbura idan ta ji zafi. Wanda ya zaɓi dogon matoshi dole ya sa wannan a lissafi. Cikin wuyan ya kasance a bushe, kan matoshin kuma ya zauna daidai da bakin kwalba ko ya nutse kaɗan. Kada a kwantar da kwalba nan take. Matoshin yana buƙatar lokaci ya gama buɗewa, iskar da aka danne a ƙarƙashinsa kuma ta sami hanyar fita, don haka a bar ta tsaye kwana ɗaya zuwa uku. Bayan nan al'ada ita ce a kwantar da ita, a wuri mai duhu, mai sanyin digiri 12 zuwa 14, da laimar kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Abin da ya fi kashe matoshi shi ne hawa da saukar zafi, domin kowane kumburi yana tura shi, kowane sanyi yana zuƙo iska. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, irin Kano ko Yamai, duk kwalbar da aka toshe da ɓawo, ko me ke cikinta, ba za ta kai shekarun da aka yi wa matoshinta alkawari ba sai an sama mata wuri mai sanyi. Akasin haka aka gani a 2010, lokacin da masu nutso suka gano kwalaben shamfen 168 a wani jirgin da ya nutse kusa da tsibiran Åland a tekun Baltik. Sun yi kimanin shekara 170 cikin duhu da sanyin da ba ya canjawa, kuma da yawansu matosansu sun riƙe abin da ke ciki.

A ma'ajiya ta yau da kullum kuwa, ko flor mafi kyau yakan fara gajiya bayan shekara 25 zuwa 30. Alamar farko ita ce saukar giya daga wuya zuwa kafaɗar kwalba, sai danshi ko ɗanko a ƙarƙashin hular da ke rufe baki. Manyan gidajen da ke ajiye giyarsu shekaru masu yawa suna sabunta matosai idan lokaci ya yi. Kamfanin Penfolds na Ostireliya, tun 1991, yana shirya zama inda masu kwalabensa da suka kai shekara 15 ke kawo su a duba: wadda giyarta ta sauka sai a buɗe, a ɗanɗana, idan tana da lafiya a cika ta a sa sabon matoshi. Ba kowace kwalba ake taɓawa ba, domin buɗewar kanta tana shigar da iska, kuma wadda matakinta bai motsa ba gara a bar ta yadda take. Mai ajiya a gida zai iya bin wannan ƙa'ida da alƙalami kawai: ya yi alama a inda giyar ta tsaya ranar ɗuri, ya rubuta irin matoshin da shekarar a jikin akwati, ya riƙa dubawa sau ɗaya a shekara, kwalbar da ta fi sauka kuma ita za a fara buɗewa.